Karkanda Uku a Niyok: Nazari Kan Wani Zubin Tagulla

A watan Maris na 1918 babu wanda zai yi tsammanin za a iya ƙidaya farin karkandan arewa da yatsu. Amma shekara ɗari bayan haka, a Maris na 2018, uku kacal suka rage a duniya, wato Sudan, namiji, da 'yarsa Najin, da jikarsa Fatu, duka a gandun Ol Pejeta na ƙasar Kenya. Su ne Gillie da Marc, mata da miji masu aikin zubi daga Ostareliya, suka siffanta da tagulla, aka kafa a dandalin Astor Place na birnin Niyok a wannan wata. Kwanaki kaɗan bayan buɗe aikin, ran 19 ga Maris, Sudan ya mutu yana da shekara 45.

Tsayin aikin ƙafa 17 ne, domin an ɗora dabbobin ne wani bisa wani, na tsakiya kuwa a rigingine. Haƙiƙa an ƙware wajen fitar da kaurin fata da naɗe-naɗenta. To amma wannan tsari na gwamutsa su shi ne raunin aikin. Dabba mai tsananin nauyi, wadda kwarjininta duka a tsayuwarta bisa ƙasa yake, an mai da ita kamar 'yar wasan tsalle-tsalle. Mai kallo zai yi sha'awa, ya ɗauki hoto, ya wuce. Ana iya cewa ɗorin yana nuna halin rashin tabbas, cewa ko yaushe suna iya rikitowa. Sai dai tagulla ba ta tangal-tangal, ido kuwa ya san haka.

Babban abin da ya yi ƙaranci shi ne dalili. Ba annoba ce ta ƙare waɗannan dabbobi ba, ƙaho ne. A shekarun 1970 da 1980 ana kai shi Yaman a yi ƙotar wuƙa, daga baya kuma kasuwar magunguna ta Sin da Biyetnam ta ɗauka, alhali sinadarinsa ɗaya ne da na farcen mutum. Mafarautan sata suka ƙarasa na gandun Garamba a Kwango, kamar yadda aka ƙarasa baƙin karkandan yamma a arewacin Kamaru, wanda aka tabbatar da ƙarewarsa a 2011. Shi kansa Sudan sai da aka yanke masa ƙaho, dakaru da bindigogi suna gadinsa dare da rana. Duk wannan babu alamarsa a jikin tagullar: ba mafarauci, ba dillali, ba mai saye.

Hoton da Ami Vitale ta ɗauka na mai kiwon Sudan ya jingina goshinsa da nasa ana gab da mutuwarsa ya fi wannan tsauni na tagulla faɗin gaskiya, don ya sa ɗan Adam a ciki.