Kan Gida, Tsaga da Suna: Maguzawan Katsina Laka da Masu Neman Hausa Zalla

A ƙasar da ake kira Katsina Laka, wato daga Malumfashi da Ƙafur zuwa Bakori da Ɗanja da Funtuwa, idan dattijo yana son sanin asalin baƙo, ba ƙabilarsa yake tambaya ba. Cewa yake yi, "Yaro, ɗan gidan wa ne kai?" Kafin yaron ya buɗe baki ma, tsohon ya riga ya karanta kumatunsa, in akwai tsaga. Da tsaga da sunan kaka da abin da gidanku ba ya ci, da waɗannan ake gane mutum. A 'yan shekarun nan kuwa wata sabuwar hanyar ƙirga asali ta shigo ta wayar hannu, inda matasa ke kiran kansu Hausa zalla, suna ɗaga Bamaguje sama a matsayin Bahaushen da babu gauraye a jininsa. Tsohuwar hanyar da sabuwar ba abu ɗaya suke aunawa ba, kuma Maguzawan da ake yi dominsu ba su cika samun bakin magana a ciki ba.

Tsaga ita ce mafi sauƙin gani, ita ce kuma ta fi saurin ɓacewa. Wanzami ke yin ta ranar suna, da aska, bisa zanen da uba ya gada. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro irin wannan zane, amma tun kafin dokar iyaye sun fara bari, saboda makaranta da birni da tsokanar abokai. Suna ya fi ta daɗewa. Tanko shi ne namijin da ya biyo mata, Kande macen da ta biyo maza, Nomau an haife shi ana tsakar noma, Ranau da rana tsaka, Jatau kuwa ja ne. Kowane suna labarin ranar haihuwa yake ba da shi. Har yanzu sunayen suna nan manne da ƙauyuka da unguwanni, ko da jikokin mai sunan sun zama alhazai.

Kan gida shi ne zuciyar al'amarin. Kowane gidan Maguzawa yana da iskar da ya gada ta wajen uba, da wurin da ake yi mata yanka: gindin wata bishiya, ko wani dutse, ko wani lungu a bayan shinge. Idan bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, maigida zai tara ƙannensa da 'ya'yansa maza su je wurin. Ba kowace dabba ake kawowa ba, don kowace iska da launin da take karɓa, wata jan zakara, wata baƙin bunsuru, wata farar tunkiya. A yanka, jini ya zuba a wurin, a tsiyaya giya daga ƙwarya, maigida ya roƙi damina mai albarka da lafiyar yara da kariya daga maciji a kunya. Naman kuma a gida za a cinye shi. Tare da wannan akwai hani: wani gida ba ya kashe wani irin maciji, wani ba ya taɓa damo. Wanda ya karya, ana jiran abin da zai same shi.

To, a nan asali aiki ne da ake yi kowace shekara. Mutum ɗan gidan ne muddin yana tsayawa a wurin yankan, yana shiga gandu da fartanyarsa, yana ba da nasa kason dawa idan za a dafa giyar biki. Ranar da ya daina, sai a ce ya tuba, ko ya shiga salla, kuma daga ranar ba a ƙara kiransa Bamaguje, alhali jinin da ke jikinsa bai canja ba. Ɗansa zai tashi Bahaushe Musulmi kamar kowa, jikansa ma ba lallai ya san labarin ba. Da yawa daga cikin masu salla a sahun gaba a Malumfashi da Ƙafur ta wannan ƙofa kakanninsu suka shigo.

Masanin tarihi Murray Last, wanda ya zauna a wani babban gidan Maguzawa kusa da Malumfashi a wajejen 1970, ya nuna cewa tuba tana da alaƙa mai ƙarfi da tattalin arziki. Abin ba wuyar fahimta. Arzikin Bamaguje a rumbu yake, kuma hanyar nuna shi ita ce a ciyar, a shayar. Wanda ya noma dami dubu shi ake naɗawa Sarkin Noma, kuma bikin naɗin kansa cinye dukiya yake yi. Matansu ba sa kulle, suna noma gandu, suna da gayaunarsu. Saurayin da ya fara fatauci yana son jari ya zauna a hannunsa, yana son amanar 'yan kasuwar Funtuwa da Kano, yana son masauki idan ya yi tafiya. Duk waɗannan a hannun Musulmi suke. Da layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, auduga ta zama kuɗi, sannan shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa ya zo a 1975 da taki da sabon irin masara, kowane mataki ya ƙara wa noman sayarwa ƙarfi a kan noman rumbu. Rangadin musuluntarwa da Sardauna ya yi tsakanin 1963 da 1965 ya fi shahara a baki, amma kasuwa ta riga shi fara aikin, ta kuma ci gaba bayansa.

Masu Hausa zalla suna ɗaukar Maguzanci kamar tulun da aka rufe tun kafin zuwan Musulunci, wanda in an buɗe za a tarar da Bahaushe na ainihi. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a cikin Maguzawan Kano ya fitar da littafinsa a 1946, akasin haka ya gani. Maguzawa sun san Allah ne mahalicci, suna ɗaukar iskoki a matsayin aljannu, suna ƙirga kwanaki da sunayen Larabci, suna zuwa wurin malam karɓar laya. Fadar iskokin bori kanta hoton masarauta ce, da Ɗan Galadima da Malam Alhaji, har da Bafilatana a ciki. Zamansu a gefen garuruwa, a ƙarƙashin kariyar sarki, suna biyan jizya bayan jihadi, shi ya ba su siffar da muka san su da ita. Wato Maguzanci da Musuluncin Hausa tare suka girma, kowa yana kallon ɗan'uwansa ta saman danga. Marigayi Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya yi wannan faɗan tun a littafinsa na tarihin Katsina na 1981, inda ya ƙi yarda a karanta tarihin ƙasar a matsayin kokawar Haɓe da Fulani. Tsoffin garuruwa irin Maska da Gozaki da baƙi suka cika, masaƙa da marina da fatake daga ko'ina.

Akwai wata al'umma a Birtaniya da ta sha irin wannan ruwa, wato mutanen Wels. Su ma ana yi musu kallon 'yan asalin tsibirin, jikokin Keltawa, waɗanda suke nan kafin zuwan kakannin Ingilishi. Sarkin Ingila Edward na Ɗaya ya ci ƙasarsu da yaƙi, aka kashe yarimansu Llywelyn a 1282, dokar 1536 kuma ta ce ba mai riƙe muƙami sai da Turanci. Su ma suna da nasu Bayajiddan: a wajejen 1136 Geoffrey na Monmouth ya rubuta cewa kakansu wani basarake ne mai suna Brutus daga zuriyar birnin Troy, kamar yadda namu ya taso daga Bagadaza. Kowace al'umma, da alama, tana son kakanta ya zo daga nesa a kan doki ko a jirgin ruwa. Masanin tarihi Abdullahi Smith ya warware namu labarin a 1970, nasu ma masana sun daɗe da ajiye shi a jakar tatsuniya.

Wanda ya fi dacewa mu sani shi ne Edward Williams, wani magini mai sassaƙa dutse da ya yi suna da laƙabin Iolo Morganwg. Mutum ne mai hazaƙa da son harshensa, amma da ya nemi tsoffin al'adun bokayen Keltawa bai samu abin da ya ishe shi ba, sai ya ƙirƙira. Ya rubuta waƙoƙi ya jingina wa mawaƙan da suka mutu ɗaruruwan shekaru, ya shirya taron mawaƙa a wani tudu a Landan a 1792 da da'irar duwatsu da takobi, ya ce gadon kaka da kakanni ne. Aka yarda. A 1819 aka haɗa bikin nasa da gasar waƙa ta Eisteddfod, har yau kuma ana yin sa da dogayen riguna. Sai a ƙarni na 20 masana suka tabbatar da yawan jabun da ke cikin takardunsa. Batun jini kuwa, binciken ƙwayoyin halitta da masanan Jami'ar Oxford suka jagoranta, wanda ya fito a 2015, ya nuna babu wani jinin Keltawa guda ɗaya, har mutanen arewacin Wels da na kudanci ma sun bambanta da juna ƙwarai.

Abin da ya riƙe su harshe ne da wuraren da aka ba harshen aiki: fassarar Littafi Mai Tsarki ta William Morgan a 1588, makarantun Lahadi, tashar talabijin ta S4C a 1982, majalisar kansu a 1999. Duk da haka ƙidayar 2021 ta samu masu jin harshen 538,300 ne kawai, kashi 17.8 cikin ɗari. Bamaguje ba shi da wannan katanga, don Hausar da yake yi ita limamin Juma'a yake yi, sai dai tasa ta fi tsufa a wasu kalmomi. Amma akwai inda mutanen Wels suka fi mu sa'a. Sun bar addinin gargajiya fiye da shekara dubu da suka wuce, suka sake ɗariƙa a hanya, ba wanda ya ce sun fita daga ƙabilarsu. Mu kuwa mun ɗaure Hausanci da addini ɗaya tamau, har Bahaushe Kirista ɗan Ƙafur, mai tsagar gado a fuska, ya ce sunansa Bulus, a tambaye shi, "To, kai wane yare ne?"

Wannan tambaya ita ce ciwon Masihiyawa, jikokin Maguzawan da suka bi ta ƙofar coci, na Katolika ko na ECWA, maimakon ta masallaci. A gida ɗaya za ka samu wa ya je Makka, ƙane yana wa'azi ranar Lahadi, tsohonsu kuma yana nan da wurin yankansa. A 2023 Fadar Paparoma ta kafa sabuwar dayosis a Katsina, ta naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, bishop ɗinta na farko. Ƙorafin da Masihiyawa suka daɗe suna yi bai shafi tsarkin jini ba. Filin gina coci ne, da malamin addininsu a makarantar gwamnati, da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da sarautar ƙauyen da suka fi yawa a ciki. Ban ga masu kirarin Bamaguje a Facebook sun ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan da zafi ba. Sunansa suke so, a matsayin sanda.

Ba na raina abin da ya haifi zafin nasu. Manomin da aka kora daga gonarsa a Faskari ko Sabuwa, ko wanda ya binne 'yan'uwansa bayan harin da aka kai masallacin Unguwar Mantau ana sallar asuba a watan Agustan 2025, yana da dalilin tambayar wa ke tare da shi. Amma amsar da ake miƙa masa, jerin sarakuna marasa madogara da tarihin da aka dafa jiya, aikin Iolo ce ba tare da hazaƙar Iolo ba. Kuma rashin tsaron nan shi ke ƙarasa abin da ya rage na gaske: gidan da ke warwatse a tsakiyar gonaki shi ya fi sauƙin kai wa hari, idan kuwa mutanensa suka koma ɗakin haya a Malumfashi ko Funtuwa, gandu ya watse, bishiyar yanka ta zauna a daji.

Akwai sashen Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-Ma, duk kusa da wurin. Kirarin gidaje, waƙoƙin gayya, sunayen tsoffin irin dawa, magungunan da tsofaffin mata suka sani, duk ana iya ɗaukar su da wayar da ake zagi da ita. Wahalar ita ce tsohon Bamaguje ba zai yi magana a gaban 'ya'yansa ba. Ɗansa Musulmi ya ce masa shirka ce, ɗansa Kirista ya ce aikin Shaiɗan ne, kuma su ke ciyar da shi yanzu. Mai bincike da ya je da rakiyar limami ko fasto zai dawo da labarin noma da farashin taki, a ce masa kan gida kuwa an daɗe da bari.