Metakilas: Dabarar Bin Sawun Manhaja Tun Daga Tushe

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja mai ɗan girma ya san irin ranar da lissafi zai ƙi fita alhali kwamfuta ba ta yi ƙorafin komai ba. A ce wani matashi ne ya rubuta wa wata ƙungiyar manoman rani a Kadawa manhajar rajistar gonaki: gonar wane ce, eka nawa, yaushe aka sakar mata ruwa, nawa ake bin mai ita. Da aka zo lissafin ƙarshen rani, sai ga gona ɗaya ta fito sau biyu, an ninka wa bawan Allah kuɗin ruwa. To a ina aka ƙirƙiri ta biyun? Wane sashen manhajar ne ya yi kiran, kuma da ƙarfe nawa?

Ɗan koyo zai bi layi-layi yana cusa `print` a duk inda yake zargi. Sau da yawa hakan na fitar da shi kunya, ba a raina ba. Matsalar ita ce zai manta wasu wurare, kuma galibi a wurin da aka manta ɗin ɓarnar take. Gobe abokin aikinsa ya ƙara sabon sashe ba tare da ya san dokar ba. Jibi kuma a dawo ana goge abin da aka cusa, a goge har da abin da bai kamata ba.

Mutanen Garun Mallam da Kura da Bunkure za su riga kowa gane ɗaya hanyar. Ruwan da suke noman shinkafa da tumatir da alkama da shi daga madatsar Tiga yake tasowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Gangara ce ke kawo shi ta babbar magudana, ya rabu zuwa ƙanana, har ya isa bakin kowace gona. Mai son sanin ruwan da ya shiga wani yanki zai iya ɗaukar littafi ya bi gona-gona yana tambaya, ko kuwa ya tsaya a ƙofar da ruwan yankin duka ke bi. Na farko zai sha rana kuma wani zai kuɓuce masa. Na biyu ko ɗigo ba ya wuce shi. A manhaja, metakilas shi ne wannan ƙofa.

A yaren Python mai rubutu yakan fara tsara aji ne. Ya ce kowace gona tana da mai ita, da faɗinta, da wani aiki mai suna `sakar_ruwa`. Ajin `Gona` shi ke fitar da gonaki ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da aka kira shi. Wannan kowa ya sani. Inda abin ya fara daɗi shi ne, shi kansa ajin ƙirƙirarsa ake yi yayin da manhaja ke gudana, kuma akwai mai ƙirƙirar. Idan Python ta iso layin `class Gona`, takan gudanar da abin da ke ƙarƙashinsa, ta tattara sunaye da ayyukan da ta samu wuri guda, sannan ta miƙa abu uku ga maƙerin: sunan ajin, da iyayen da ya gada, da tarin kayan nan. In ba a ce komai ba, `type` ne maƙerin. Mai rubuta metakilas cewa yake yi: a wannan karon a biyo ta wajena tukuna.

Ga yadda gwani zai rubuta shi:

```
def lullube(aiki):
    @wraps(aiki)
    def sabo(*a, **k):
        rubuta("shiga", aiki.__qualname__)
        try:
            return aiki(*a, **k)
        finally:
            rubuta("fita", aiki.__qualname__)
    return sabo

class MaiBinSawu(type):
    def __new__(m, suna, iyaye, kaya):
        for s, x in list(kaya.items()):
            if isfunction(x) and not s.startswith("__"):
                kaya[s] = lullube(x)
        return super().__new__(m, suna, iyaye, kaya)

    def __call__(aji, *a, **k):
        abu = super().__call__(*a, **k)
        rubuta("sabon abu", aji.__name__)
        return abu
```

Layukan ba su da yawa, amma aiki biyu suke yi a lokuta biyu daban. Sashen `__new__` sau ɗaya tak yake aiki ga kowane aji, a lokacin ƙera shi. Yana zaro kowane aiki daga cikin kayan, ya lulluɓe shi da wani da zai rubuta "shiga" kafin a fara da "fita" bayan an gama, sannan ya mayar da shi da sunansa na da. Sashen `__call__` kuwa yana farkawa duk lokacin da wani ya ce `Gona(...)`, wato duk sanda za a fitar da sabuwar gona. Ƙirƙirar abu da rubuta labarinsa sun zama aiki ɗaya ke nan. Abin da ya rage wa matashin namu shi ne ya rubuta `class Gona(metaclass=MaiBinSawu)` ya ci gaba da harkarsa.

Kuma gado ne. Ranar da abokin aikinsa ya zo ya rubuta `GonarShinkafa` ko `GonarTumatir` a matsayin 'ya'yan `Gona`, ba sai an gaya masa komai ba. Python za ta duba iyayen, ta ga metakilas ɗinsu, ta bi da sabon ajin ta nan. Wannan ne abin da ya fi burge ni a dabarar. Dokar da ake fatan mutane su tuna, an mayar da ita yadda ba ta buƙatar tunawar kowa.

Idan aka ƙara layin da ke tambayar Python wane ne ya yi kiran, abin da manhajar `inspect` ke iya bayarwa, kundin zai nuna wani abu kamar haka:

```
09:14:02 sabon abu Gona, daga rajista.py layi 40
09:14:05 sabon abu Gona, daga bayanan_bara.py layi 88
```

Magana ta ƙare. Sashen da ke shigo da bayanan bara ne ya sake ƙirƙirar gonar, domin bara an rubuta lambar wayar manomin da sifili a farko, bana kuma da +234, sai manhajar ta ɗauka mutum biyu ne.

Amma a ƙananan wurare ake gane hannun da ya ƙware. Dubi sharaɗin nan da ya tsallake duk aikin da sunansa ya fara da layi biyu a ƙasa. Akwai dalili. Cikinsu akwai `__repr__`, wanda Python ke kira idan ana son bayyana abu a rubuce. In aka lulluɓe shi, kuma mai bin sawun yana rubuta bayanin abin da aka ba shi, to zai kira `__repr__`, shi kuma ya sake tayar da mai bin sawun, a yi ta zagaye har Python ta kai iyakarta ta zurfin kira, wadda a al'ada dubu ɗaya ce, ta tsaya cak. Dubi kuma `finally`. Ba don shi ba, duk aikin da ya ci karo da kuskure zai bar "shiga" babu "fita", kuma irin wannan aikin ne aka fi buƙatar labarinsa. Shi kuwa `wraps` yana kiyaye sunan aikin na asali da bayaninsa; in babu shi, duk ayyukan manhajar za su koma amsa suna `sabo`, mai neman kuskure ya rasa gane gaba da baya.

Sai batun abin da bai kamata ya shiga kundin ba. Yana da sauƙi a ce a rubuta duk abin da aka miƙa wa kowane aiki, amma cikin abin da aka miƙa akwai lambar waya da lambar asusun banki na mutane. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma ko ba doka, amana ce. Gwani yakan rubuta sunan aiki da lokaci, ya rufe sauran. Yakan kuma bar makunni: in an kashe bin sawu, metakilas ya mayar da ayyukan yadda suka zo ba tare da lulluɓi ba. Da yake sau ɗaya ake wannan duba, lokacin ƙera aji, manhajar ba ta ƙara nauyin komai a ranakun da babu matsala.

Dabarar ta girmi Python. A yaren Smalltalk-80, wanda su Alan Kay da Adele Goldberg da Dan Ingalls suka gina a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a Amurka, kowane aji yana da metakilas nasa. Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan da ya fitar da Python a 1991, ya yi wani rubutu kan metakilas tun zamanin Python 1.5 a ƙarshen shekarun 1990, kuma misalin da ya zaɓa don bayani shi ne wannan dai, bin sawun kiraye-kiraye. A lokacin sai an bi ta wata ɓarauniyar hanya da aka laƙaba wa sunan Don Beaudry, mutumin da ya kawo shawarar ta. Littafin Ira Forman da Scott Danforth na kamfanin IBM, *Putting Metaclasses to Work*, shi ya ba Guido tsarin da ya shiga Python 2.2 a ƙarshen 2001, sannan Python 3 ta zo a 2008 da salon rubutun da muka gani a sama.

Masu koyon Django (kayan aikin Python na gina shafukan intanet) a Kano da Zariya suna amfani da metakilas kullum ba tare da sun lura ba. Duk sanda suka rubuta aji mai gadon `models.Model`, wani metakilas mai suna `ModelBase` ne ke karɓar kayan, ya ware filayen bayanai, ya yi wa ajin rajista don a san teburin da zai wakilta a rumbun bayanai. A nan ne ma mai saka nasa metakilas kan ci karo da bango: aji ba ya bin maƙera biyu da ba su da alaƙa, Python za ta ƙi da kuskuren `TypeError`. Maganin shi ne a gina `MaiBinSawu` a kan `ModelBase` ɗin, ya zama ɗansa.

Tsofaffin hannu ba sa gaggawar ɗauko wannan makami. Tim Peters, ɗaya daga cikin dattawan Python, ya daɗe da cewa mafi yawan masu rubutu ba za su taɓa buƙatarsa ba, kuma ina ganin gaskiyarsa. Aiki ɗaya ko biyu, a lulluɓe su da hannu ya wadatar. Tun Python 3.6 a 2016 akwai `__init_subclass__`, wanda ke ba uban aji damar taɓa 'ya'yansa lokacin ƙera su, ya ɗauke rabin aikin. Mai son ganin kowane layi yana da `sys.settrace`, sai dai yana rage gudun manhaja sosai. Inda metakilas ya rage ba shi da na biyu shi ne sashen `__call__`: yana tsaye kafin a fara gina abu da bayan an kammala shi, kuma ko ɗan aji ya sake rubuta `__new__` da `__init__` nasa ya manta bai kira na iyayensa ba, dole ta wajen metakilas kiran zai bi.

Mai karatu mai kaifin ƙwaƙwalwa zai ce, to in `type` ne ke ƙera azuzuwa, wa ya ƙera `type`? Ya buɗe Python, ko a waya ne, ya rubuta `type(type)`. Amsar da za ta fito ita ce `type`. Wannan ƙulli ba a cikin Python aka ɗaura shi ba. A can ƙasa, cikin yaren C da aka rubuta ta da shi, aka tsara `type` da hannu aka nuna masa kansa a matsayin ajinsa, tun kafin a gudanar da layin farko na manhajar kowa.