Tsokaci Kan Yadda Ake Rubuta Tarihin Wusasa

Duk wanda ya bibiyi rubuce-rubucen da ake yi kan Wusasa zai lura cewa galibinsu suna farawa ne daga shekarar 1929, wato lokacin da 'yan mishan na C.M.S. suka tashi daga cikin birnin Zariya suka koma can. Wannan tsari yana da rauni, domin yana sa mai karatu ya ɗauka wurin daji ne kafin zuwan Turawa. Alhali kuwa Wusasa tana gindin Dutsen Kufena, wanda tarihin baka ya sanya shi tare da Turunku cikin tsofaffin mazaunan Zazzagawa.

Dalilin wannan rauni shi ne dogaro da littafin Likita Miller, Reflections of a Pioneer (1936). Babu shakka littafin yana da daraja, tun da marubucin ganau ne. Yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su, suka yada zango a Girku. Sai a 1905 ya sami zama cikin birnin Zariya. To, amma Miller ɗan mishan ne mai ba da labarin aikinsa, kuma saɓaninsa da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi sananne ne. Shaidar ɓangare ɗaya ba ta yanke hukunci.

Abu na biyu, ba a cika kula da hanyoyi ba. Ayarin 1900 hanyar fatake ya bi zuwa Kano, shekara 11 kafin jirgin ƙasa ya isa can. Haka nan zuriyar Isawa, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano, sai da suka zauna a Gimi, ciwon barci ya ɗaiɗaita su. Wanda bai bi sawun waɗannan ƙaurace-ƙaurace ba, ba zai gane asalin Hausawa Kiristoci na Wusasa ba.

Na uku, majami'ar St. Bartholomew, wadda aka gina da ƙasa bisa fasalin ginin Hausa, ana yawan yaba ta, amma da wuya a ambaci maginan da suka ɗaga ta.

Saboda haka ina kira ga malaman makaranta da su ɗauki littafin Miller a matsayin shaida guda, su haɗa shi da abin da dattawan Wusasa da na cikin ganuwa suka riƙe, tun suna raye.