Da Celo Ya Fito Gaba, Wa Ya Riƙe Masa Baya?

Kusan duk tsawon ƙarni na 17, aikin babban gogen Turai, kakan celo na yau, shi ne riƙe gindin kiɗa: biyolin na gaba yana rangaɗa waƙa, shi yana baya yana bin sawu. Tsirkiya ce ta jawo masa haka. Da hanjin tumaki ake yin ta, kuma ba ta ba da amo mai zurfi sai ta yi tsawo da kauri, don haka gogen ya yi girman da yatsu ba sa iya gudu a kansa. Wajen 1660 aka fara naɗe tsirkiyar da siririyar wayar azurfa, gajera ta soma yin aikin doguwa, gogen ya ragu. Makaɗan Bolonya ta Italiya na cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan. A can Domenico Gabrielli, wanda ya rasu a 1690, ya rubuta wasu daga cikin kiɗe-kiɗen farko da celo ke jagoranta.

Gurbin da celo ya bari na masu rakiya ne, abin da ake kira basso continuo. Mawallafi kan ba su layi ɗaya tak na sautin ƙasa, da 'yan lambobi a jikinsa. Mai hafsikod, wani ɗan'uwan piyano, ya bi layin da hannun hagu, na dama kuwa ya cike sauran da basirarsa, nan take. Sonatocin celo shida na Vivaldi da aka buga a Paris a 1740 layi biyu ne kawai a takarda, kowace kashi huɗu: a hankali, da sauri, a hankali, da sauri. Shi ya sa taron makaɗa biyu za su kaɗa sonata guda ka rantse ba ita ba ce.

Sai dai tsarin yana da gargada. Biyolin can sama yake, ba abin da ke haɗa shi da mai rakiya. Celo kuwa muryarsa da ta masu yi masa rakiya unguwarsu ɗaya, wani lokaci ma jagoran kan gangaro ƙasa da su. Idan aka ƙara celo na biyu bisa hafsikod, kamar yadda aka saba, kuma mai shi ya cika hannu, sai kiɗan ya dagule. Jean Barrière, da ya fitar da littafinsa na farko a 1733 a Faransa, inda wani goge mai suna biyola da gamba ke sarauta, yakan tura celo sama don ya tsere wa cunkoson. Geminiani, a sonatocinsa na 1746, ya bambanta jagoran da yawan ado.

A kunnena, tiyorbo ya fi dacewa da rakiyar kashin a hankali na Vivaldi. Ɗan'uwan molo ne mai dogon wuya, da yatsa ake taɓa shi, sautinsa ya tashi ya mutu da wuri, celo ya samu filin jan dogon numfashinsa ba mai take masa ƙafa.