Majigi da Bakin Mai Bayani

Duk sanda aka rushe wani tsohon gidan silima a Kano, ko aka yanka shi shaguna, sai masu rubutu su hau makoki, wai tarihin kallon fim na ƙasar Hausa ne ya bi ƙura. Ban hana su jimami ba, amma tarihin da suke wa kuka na birni ne da Sabon Gari. Manomin Kunci ko Makoɗa bai san ƙofar silimar Plaza ba, balle matarsa.

Labarin gidajen gajere ne. Rex ta buɗe a 1937, a hannun ɗan kasuwa ɗan Labanan, a wajen ganuwa. Gobarar El Duniya a watan Mayun 1951 ta ci rayuka fiye da 300, mutane da yawa suka ɗauke ta hukuncin Allah. Palace ta shigo cikin birni, a Jakara, malamai suka yi ca. Daga baya Orion da Eldorado da Marhaba suka ci kasuwar fim ɗin Indiya, har kaset ɗin bidiyo ya raba su da 'yan kallo. Yawancin gidajen ma ba rufi, adon duk a goshin gini yake.

A karkara kuwa, a wancan zamani, majigi ne. Mota ce ta hukuma, da injin wuta da farin allo da lasifika, takan iso Ɗambatta ko Bichi ko Tsanyawa da rani, a kafa a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, a jira a idar da sallar isha. Ba tikiti. Yara a gaba a ƙasa, dattawa kan tabarma, mata daga gefe. Turawa sun kafa sashen shirya finafinan majigi a 1939, ƙarƙashin William Sellers, jami'in lafiya da ya yi aiki a Legas, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta gaje shi ta riƙa nuna Sardauna da finafinan noma irin Baban Larai.

Masu suka sun ce farfaganda ce kawai, kuma Sellers ya raina wa ɗan ƙauye hankali, tunda ya tsara a riƙa ɗaukar hoto a hankali, ba yawan yanka, don kada mai kallo ya rikice. Gaskiya ne. Sai dai sun karanta takardun ofis ne, ba su saurari mai bayani ba.

Shi ne mutumin da ke riƙe da makirfo yana ba da labarin abin da ke kan allo da Hausa. Jinkirin da Sellers ya saka saboda raini, shi ya ba wannan mutum fili. Hoto ya tsaya kan manomi yana yayyafa taki, tsawon da zai gunduri kowa, sai mai bayani ya cika wurin da zolaya, ya raɗa wa manomin suna irin na garin, ya tambayi jama'a ko haka suke yi, su amsa da ihu. Da yawan finafinan kan mutum biyu aka gina su, mai bin shawarar malamin gona da mai taurin kai. A takarda, na farkon ne gwarzo. A bakin gwanin bayani, sau da yawa mai taurin kan ne ke kwashe dariya da tausayi, domin shi ya fi kama da masu kallo, shi ake ba karin magana da murya mai daɗi. Gwani kan kuma riga hoto da taku ɗaya: ya faɗi abin da zai faru kafin ya faru, yadda mai tatsuniya ke yi wa yara, don daɗin ya zama na jira. In fim ya tsinke ko ana canza faifai, bakinsa ne ke riƙe taro kada ya watse.

Saboda haka fim guda ba ya zama iri ɗaya a garuruwa biyu. A nan nake ganin asalin abin da ake kira fassara a yau. Saurari finafinan Indiya da kamfanin Algaita ke juyawa zuwa Hausa: murya tana shiga tsakanin hoto da mai kallo, tana laƙaba wa jarumai sunaye, tana tsokaci, tana ƙara abin da Bombay ba ta rubuta ba. Masu cewa wannan ɓata fim ne suna auna shi da ma'aunin ɗakin silima, inda ake zama shiru. Ɗan karkarar Kano bai koyi kallo da shiru ba, kuma matasan da ke tura wa juna waɗannan finafinai a waya a kasuwar Bichi jikokin waɗanda suka zauna gaban allon majigi ne.