Aikatau Mai Rakiya: "Pull out" da "Drop out" a Fassarar Hausa

Ɗalibi mai koyon fassara yakan yi tuntuɓe da kalmar "out" idan ta biyo bayan aikatau. Wasu kan fassara ta da "waje", su rubuta "sojoji sun ja waje", jimlar da Bahaushe ba zai ji ta ba. Aikin da "out" ke yi a Turanci, a Hausa wasalin ƙarshen aikatau ne ke yin sa. Daga "ja" aka sami "janye", daga "fita" aka sami "fice". Dukansu suna aji na 4 a tsarin da Parsons ya fitar a 1960, ajin da ke nuna rabuwa ko ƙarewar aiki ɗungum.

Masu fassarar labarai sun san wannan, amma sun ɗora wa "janye" kayan da ya fi ƙarfinsa. Idan aikatau na da karɓau, babu laifi: Faransa ta janye sojojinta daga Nijar a Disamba 2023. Amma a Janairu 2024, da Mali da Burkina Faso da Nijar suka sanar da barin ƙungiyar CEDEAO, "fice" ya fi dacewa, domin ba wani abu suka ja ba, kansu suka fitar. Shi "fice" ba ya karɓar karɓau, sai dai "daga". Joe Biden kuwa ya janye daga takara a Yuli 2024, wannan daidai ne, tun da ƙafarsa ce ya ja da baya.

Inda matsalar ta fi girma shi ne "drop out" a maganar makaranta. "Ta janye daga makaranta" ba Hausa ba ce mai daɗi. "Ta bar makaranta" kuma ya gaza, don wadda ta kammala ma ta bar ta; dole a ƙara "ba ta kammala ba". Sannan Turancin yana nuna kamar yarinyar ce ta zaɓi tafiya. Sau da yawa a ƙauyukanmu iyaye ne suka cire ta, saboda aure ko talla ko rashin kuɗi. Mai fassarar da ya bi Turancin ido rufe ya ɓoye wanda ya aikata, ya ɗora wa yarinyar laifi. Idan rahoton ya nuna wanda ya yanke shawarar, a rubuta "an cire ta daga makaranta".