Marinin ƙwaƙwalwa: aikin hannun Ramon y Cajal

Ƙwaƙwalwa tana da laushin da wuƙa ba ta iya yanka ta sala-sala yadda take, kuma ko an sa ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ido ba ya ganin komai sai dusu-dusu, don ƙwayoyinta sun cunkushe sun sarƙe da juna. Wannan ce matsalar da Santiago Ramon y Cajal, likita ɗan ƙasar Sifen, ya duƙufa a kanta daga 1887, shekarar da Luis Simarro ya nuna masa a Madrid wani salon rini da Camillo Golgi na Italiya ya gano a 1873.

Ga yadda ake yi. A yanko ɗan guntun ƙwaƙwalwa, a tsoma shi a ruwan fotasiyam daikuromet haɗe da asid ɗin osmiyam, sinadaran da ke sandarar da nama, a bar shi ya yi kwanaki har ya yi tauri. Sai a tsame, a mayar da shi cikin ruwan azurfa, wato silba naitiret. A cikin ƙwayar jijiya sinadaran suke haɗuwa, su bar baƙin gari da ke cika ta daga jikinta har bakin siraran rassanta. Abin mamakin, 'yan kaɗan ne cikin ɗari suke kama rinin, sauran su zauna garau. Nan amfanin yake: da duka za su yi baƙi, da babu abin gani sai duhu.

Sai dai rinin yana da gardama, yau ya kama, gobe ya ƙi. Masana da dama sun taɓa shi, suka ce ba abin dogaro ba ne, suka ajiye. Cajal bai ajiye ba. In guntu ya ƙi, sai ya sake bi da shi ta ruwan biyu karo na biyu. Ya riƙa yanka da ɗan kauri, domin ya bi reshe guda daga tushe zuwa ƙarshe ba tare da reza ta datse shi ba. Babbar dabararsa kuwa ita ce zaɓen abin da zai rina. Jijiyar babbar dabba tana lulluɓe da wani kitse, mayelin, wanda ke hana rinin shiga. Sai ya koma ga ɗan tsakon da ke cikin ƙwai da jariran dabbobi, waɗanda kitsen bai rufe su ba tukuna, rassansu kuma gajeru ne.

Daga nan sai zane. Tun yana yaro zane yake so, mahaifinsa ya hana, har ya kai shi koyon aski da ɗinkin takalma. Ashe hannun na nan. Yakan yi ta murza madubi sama da ƙasa, yana bin reshe a zurfi daban-daban, sannan ya tattara abin da ya gani a takarda da fensir da tawada, ya sa 'yan kibiyoyi masu nuna inda saƙo ke shiga da inda yake fita. A 1888, yana Barsalona, ya nuna a ƙwaƙwalwar tsuntsaye cewa kowace ƙwaya cin gashin kanta take yi: tana kusantar maƙwabciyarta, amma ba ta narkewa a cikinta. Golgi da mafi yawan masana a lokacin sun ɗauka duka raga ɗaya ce.

Wa zai karanta binciken da aka rubuta da Sifaniyanci? Cajal ya kafa mujalla da kuɗin aljihunsa, shiru. A 1889 ya kwashi gilasan da ya ɗora rinannun yankan ƙwaƙwalwa a kansu ya tafi taron masana a Balin, ya jawo Albert von Kölliker, dattijon fagen, ya ce ya duba da idonsa. Kölliker ya duba, ya gamsu, har ya koyi Sifaniyanci don ya karanta shi.

A 1906 aka raba kyautar Nobel tsakanin Cajal da Golgi, kuma a jawabinsa Golgi bai janye daga batun raga ba. Cajal ya rasu a 1934. Sai a shekarun 1950 madubin ilaktiron ya nuna ɗan gibin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, a mahaɗar da Charles Sherrington ya raɗa wa suna sinafs tun 1897.